Roƙon Gawar Ɗan Fari

Da wani mai buga littattafan yara ya ba ni aikin rubuta tsofaffin labaran Girkawa da Rumawa da Hausa, na ɗauka abin wasa ne. Na karanta su da Turanci ina ɗalibar jami'a a harabar Kongo, ban ga komai a ciki ba, jarrabawa kawai nake hange. Sai da na zauna zan faɗe su da bakin gidanmu na gane abin da na ɗauko wa kaina. Uba ya yanka 'yarsa don iska ta kaɗa jiragen ruwa. Wani ya haɗiye 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suke kira alloli kuwa, da a unguwarmu Kusfa suke zaune da tuni mai unguwa ya gaji da sasanta su. Nakan ajiye biro in yi salati, in sake ɗauka. Abin da na zubar ya fi abin da na rubuta yawa.

Duk babin da na gama sai in gwada shi a kan yaran gidanmu, ranar Alhamis da la'asar tunda babu Islamiyya. Mukan zauna gindin mangwaron tsakar gida. Can gefe, a ƙofar ɗakinsa, Baffa ne, yayan mahaifina, kan buzunsa, rediyo manne da kunne. Ni dai na ɗauka ba ya jin mu.

Ɗan Baffa na fari direban babbar mota ne. Ya ɗauko hatsi aka tare hanya a daji. An sami motar, shi ba a same shi ba, ba rai ba gawa, kuma babu wanda ya taɓa bugo waya ya ce yana hannunsa. Shekaru suka shuɗe a haka. Baffa dama bai taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "yaron nan". Ranar da labarin ya iso, "To" kawai ya ce, ya saka takalmi ya tafi masallaci, mutane suna ta yaba dauriyarsa. Ba a yi zaman makoki ba. Babu wanda ya taɓa cewa Allah ya ji ƙansa a gidan, domin Baffa bai fara ba. 'Yar da ya bari, 'yar firamare mai shegen tambaya, ita ce take zama dab da gwiwata duk Alhamis.

Labarin da yaran suka fi so shi ne na wani birni mai ganuwa da aka yi wa ƙawanya shekara da shekaru. Ganuwa ai tamu ce, har gardama suke yi ko ta Ƙofar Gayan maƙiya za su fi saurin shigowa. Gwarzon da ke kare birnin babban ɗan sarki ne, kuma a bakin ƙofar gari wani barden maƙiya ya kashe shi. Na san abin da ke biye, na kuma san wanda ke zaune kan buzu, don haka tun a takarda na datse babin a nan. Na ce ya faɗi, gari ya ɗauki kuka, na rufe.

"Gwaggo, yaushe aka kai shi?" in ji yarinyar, jikar Baffa.

"Ina?"

"Makwancinsa mana."

Duk lissafina ban hango wannan ba. Yaran da suka saba a rasu da safe a kai kafin azahar, ta yaya za su yarda labari ya ƙare gawa tana kwance a ƙofar gari? Na ce sai wani satin. Sai na ji rediyo ya yi shiru.

"Malama," in ji Baffa, haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ranar babu tsokana a muryar, "yarinya ta yi miki tambaya."

Ba yadda na iya. Na gaya musu wanda ya kashe shi ya huda masa dugadugai, ya ɗaure a bayan keken doki, ya ja shi a ƙasa iyayensa suna kallo daga kan ganuwa. Ya tafi da gawar sansaninsu ya yar, kwana da kwanaki ba wanka ba sutura. Yaran suka ɗauki salati. Wani ya tofar da yawu ya ce ko kare ba a yi masa haka.

Na ce uban nasa sarki, tsoho tukuf, ya yi ta birgima a ƙasa yana kuka, yana kiran sunan ɗansa a gaban jama'a.

"Ɗan fari fa?" in ji wata babbarsu, ta riƙe haɓa. "Sarki guda? Ba ya jin kunya?"

Suka kwashe da dariya. Ni kuwa na kasa ɗaga ido in dubi ƙofar ɗakin nan. Na ci gaba da sauri don in fita daga wurin. Sarkin ya tafi da kansa har sansanin maƙiya, ya durƙusa gaban wanda ya kashe masa ɗa, ya kama hannuwan ya sumbata, ya roƙi a ba shi gawar.

"Tir!" in ji yaran maza.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, ba ta ce tir ba. Zanina ta kama. "An ba shi?"

"An ba shi."

Ta sauke numfashi, ni ma na sauke, na fara tattara takardu. Sai Baffa ya ce, "Suka yi masa sutura ke nan."

Yara zan iya yi wa dabara, Baffa kam ban taɓa iyawa ba. Na ce, "Baffa, su ƙonawa suke yi. Abin da ya rage na ƙashi da toka suka zuba a akwati, suka binne, suka tara duwatsu a kai."

Gidan ya hargitse. Matar ƙanena ta fito daga madafi da muciya a hannu tana innalillahi, ashe ita ma tana saurare. Ta ce duk wannan ƙasƙanci da tsoho ya sha don ya cinna wa ɗansa wuta? Ta ce wannan ne zan ba 'ya'yan Musulmi su karanta? Ni dai na riga na sallama, jira nake Baffa ya ce kada a ƙara karanta wannan shirme a gidansa.

"Ku yi wa mutane shiru," in ji shi. "Me kuka sani?"

Ban taɓa jin muryarsa tana rawa ba sai ranar. Tsoro ya kama ni.

"Shi sarkin ya san ƙofar da zai je ya durƙusa. Ni da za a nuna mini hannun, wallahi da na sumbace shi a tsakiyar kasuwa." Ya juya rediyon a cinyarsa. "Ko toka ce, ai ya san inda take."

Hawaye na bin furfurar gemunsa, bai goge ba, bai kuma kau da kai ba. Ya yafito jikarsa da hannu, ta je ta tsaya gabansa. Sai ya kira sunan ubanta, sunan yanka cikakke, sunan da tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya sake kira. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Mu manya muka daskare, kowa baki buɗe. Yarinyar ce ta fara cewa amin.