Keken da Inna Ta Ɗaga da Hannu Ɗaya

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kakata ce ta goya ni, a ɗakinta na girma, Inna kuwa tana can gefen tsakar gida tana yi kamar ɗan maƙwabta ne ke kuka. Haka ake yi a ƙauyenmu da ke bayan Baure, kan hanyar Babban Mutum, sai dai Inna ta riƙe wannan kunya fiye da kowa. Yau gemuna ya yi fari, har yanzu ba ta sassauta ba.

Amma ta samo dabara: da kekena take magana. Baƙin keken da na gada a wurin mahaifina ne, mai nauyi kamar ƙofar gidan gona, da faffaɗar kariya a baya, wato mazaunin kaya. Duk sanda na je daga Daura gaishe ta, in na tashi komowa sai ta fito da gero da kabewa da kwalbar man shanu, ta tsuguna tana ɗaure su a kariya da tsohuwar roba, tana faɗa.

"Kai keke, ka rame. Ba a ba ka abinci ne a Daura?"

Ni kuma ina tsaye ina kallon katanga, in ce, "Ana ba shi, Inna."

"To ka gaya wa mai kai ya rage shayi."

Hirar da ke tsakanina da uwata ke nan a duniya, iyakarta lokacin ɗaurin kaya. Shi ya sa take yawaita kayan, ni ma ban taɓa cewa sun isa ba. Ina son wannan ɗaurin fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai likita ya ce sukari ya fara leƙo ni, in dage da motsa jiki. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ya nuna mini a wayarsa wasu mutane kan kekunan tsere siraran gaske, sun sunkuya suna wucewa kamar an harba su. Daga ranar na kamu. Na ƙudura sai an ƙera mini nawa, na ƙarfe, daidai tsawon ƙafata, kuma wanda babu mai sauƙinsa daga Daura har bakin iyaka.

Na yi odar bututun firam, wato gangar jikin keke, daga Kano, siraran ƙarfe masu kaurin bawon albasa. Na kai wa wani mai walda da ya saba yin ƙofofi da gadaje. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ya saurara, ya ce, "Malam, wannan ai gwangwani ne, madarar da ke ciki fa?" Na zauna a shagonsa ina gadi har ya gama, domin da na juya baya sai ya ƙara ɗan ƙarfe a wata kusurwa, wai don ƙarko. Ya ƙara, in sa ya cire. A ƙarshe ya ɗauko wata kariya da ya ƙera da rodi, ya ce gyara ce, kyauta. Na ce a kai kasuwa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙi gyara ba, sai dai mara lafiya.

Matsalar auna kaya ta taso, don ba ni da sikeli. Mahaucin unguwarmu yana da na zamani mai nuna lamba, sai na mayar da teburinsa ofis. In je da sirdi biyu, in jira a gama auna wa mutane tsoka, ya goge faranti da tsumma, mu ɗora. Shi ba ya faɗin giram, da nama yake lissafi.

"Wannan sirdin ƙoda biyu ne. Wancan ƙoda biyu da 'yar hanta."

Na ɗauki mai ƙoda biyu, ko da yake zama a kansa kamar zama kan bakin turmi ne. Haka muka auna feda, da sarƙa, da birki, da rim, da tayoyin da ba su fi yatsana kauri ba. Wata rana na zo da wayoyin taya iri biyu, masu kauri ɗaya da masu siririn tsakiya, muna tsaka da muhawara sai wata tsohuwa da ke jiran nama ta tambaya ko tsinken tsire ne ya yi tsada haka. Ƙudaje suka san ni. Matata ta ce kayan kekena ƙarni suke, ba za su kwana a ɗaki ba, sai na koma zaure tare da su.

Abin da na cire ya fi abin da na saka. Ƙararrawa ta tafi, tunda ina da baki. Marufin taya mai tare taɓo ya tafi. Ƙafar jingina ta tafi, ai akwai katanga a ko'ina. Na yanke rarar bututun sirdi, na kankare takardun da aka liƙa a rim, har fenti na sa aka yi shafa ɗaya tak. Mahauci ya dubi cikina, ya ce a nan akwai kilo masu yawa da za a cire ba tare da zarto ba. Ban kula shi ba. Ranar da muka rataye keken dungurungum a ƙugiyar da yake rataye cinya, ya karanta lamba ya ce, "Ɗan akuya, ba uwarsa." Na ji daɗi kamar an yi mini haihuwa.

Duk tsawon wannan hauka, ko sau ɗaya ban tuna abin da kariya take yi mini ba.

Na tashi da sassafe, na kifa hular kwano, na nufi ƙauye wurin Inna. Keken yana tafiya, wannan ba ƙarya. Iska in ta taso daga gefe sai ta mayar da ni ɗaya hannun titi, amma na isa kafin rana ta yi zafi. Na jingina shi a jikin rumbu, na gaida Inna ta bayan labule, ta amsa wa labulen.

Da la'asar na ce zan koma. Ta fito da kayanta kamar kullum, har da ƙarin zabuwa mai rai da aka ɗaure wa ƙafa. Ta nufi bayan keken da robarta a hannu, ta tsaya. Ta duba sama da tayar baya, babu komai sai iska. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake dubawa. Sannan ta sa hannu ɗaya, tsohuwar da ke tashi da sanda, ta ɗaga keken sama, ta ajiye.

Ba ta ce masa komai ba. Na tsaya ina kallon katanga ina jiran a ce keke ya rame, shiru. Ba ta san wannan keken ba, kuma babu inda za ta tsuguna ta ɗaura masa magana. Na cire ƙoda biyu da hanta, na haɗa da muryar uwata. Ta tattara robarta ta shige ɗaki, ni kuwa na ji kamar in haɗiye keken.

Ina shirin jan abina in tafi, sai ga ta da zani, irin mai ƙarfin nan na goyo. Ta ce wa keken, murya a daƙile, "Gaya wa mai kai ya sunkuya."

Na sunkuya. Ta aza mini ƙullin gero a gadon baya, ta ɗora kabewa, ta soke kwalbar man shanu a gefe, ta zaunar da zabuwa a sama kanta a waje. Ta yafa zanin, ta zagayo gabana, ta ja bakinsa biyu ta ɗaure a ƙirjina. Hannuwanta sun fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ban san su ba. Ta kwance, ta ce bai yi ba, ta sake ɗaurewa. Ta sake kwancewa. Idonta na kan ƙullin, nawa na kan rumbu, hawaye na bin gemuna, zabuwa na saran hular kwanona.

"Kai keke," in ji ta, tana gyara zanin a kafaɗata, "ba ka da ƙwari. Ka tafi da shi a hankali. Ban taɓa goya shi ba, ban san nauyinsa ba."

Haka na shigo Daura da goyo, masu babur na yi mini barka suna tambayar mace ce ko namiji. Washegari mai walda ya tare ni da kariyarsa ta rodi, ya ce ya ji labari, har yanzu kyauta ce, yanzu-yanzu zai liƙa.

Na ce kada ya kuskura ya taɓa mini keke.