Bencin Ƙofar Shagon Baba

Shekarar da Baba ya tafi aikin Hajji, tafiyar ta faɗo daidai farkon damina, lokacin da shagonmu na taki da iri da maganin feshi a bakin titin Kankia yake cin kasuwarsa ta shekara. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Katsina da difloma a fannin kasuwanci ba, ina jin kaina kamar babu wanda ya taɓa sayar da buhun taki daidai kafin a haife ni. Ranar tafiya ya miƙo mini makulli. Ya ce idan ya dawo ya tarar da shagon da ransa, ya zama nawa. Idan kuwa ya tarar da shi a kwance, in ɗauki takardata in je neman aikin gwamnati kamar kowa.

Mai sayar da irin kayanmu ɗaya ne a wajen, wani Alhaji a tsallaken titi. Tare suka yi karatun allo da Baba, tare suke zuwa masallacin Juma'a, amma ni a makaranta an koya mini cewa irinsa abokin hamayya ne, kuma dole a yi shirin kayar da shi. Na samo kwali na raba shi biyu, ƙarfinmu a dama, rauninmu a hagu. A hagun abu ɗaya na rubuta da manyan baƙaƙe: benci.

Dogon bencin katako ne a ƙofar shagon, ya girme ni, an tokare ƙafarsa ɗaya da dutse. Tsofaffi huɗu ke zama a kansa tun hantsi har la'asar, babbansu wani malamin gona da ya yi ritaya. Aikinsu gardama, kan ruwan bana, kan na bara, kan wa ya fara kawo keke garin. Suna tare ƙofa, suna shanye ruwan randarmu, kuma tun da nake ban taɓa ganin ɗayansu ya sayi ko ƙullin iri ba. Haushinsu nake ji ƙwarai.

Sa'annin Baba ne, ba ni da bakin korarsu. Sai na ce musu fenti za a yi, na ja bencin na kai bayan shago, wai sai fentin ya bushe. Shago ya sha kore shar, na rataya allo mai hoton masara. Kwana biyu tsofaffin suna zuwa, su gaishe ni a tsaye, su taɓa bango da yatsa, su wuce. A rana ta uku Alhaji ya tsallako.

"Ɗana, bencin ga da ka ɓoye, in ba ka buƙatarshi ka ara mani."

Saura kaɗan in taka rawa. Abokin hamayya da bakinsa yana roƙon in ba shi raunina. Ban ma bari ya nemo mai ɗauka ba, ni na kinkimi bencin a ka na tsallaka titi, motocin Kano suna danna mini oda, na dire masa a ƙofa. Har dutsen na koma na kai masa.

Ruwa ya sauka, manoma suka fara shigowa daga Sukuntuni da Bauranya da ƙauyukan Kusada. Sai in ga mutum ya tsayar da babur a ƙofarmu, ya dubi fenti, ya leƙa dama ya leƙa hagu, ya ɗaga mini hannu, ya tura babur ɗinsa tsallake. Na ce ba komai, akwai mataki na biyu. Na sayo lasifika tana ta shelar kayanmu har maƙwabta suka aiko a rage. Mataki na uku, na karya farashin taki. Nan ne wani dattijo daga Bauranya ya shigo, ya sa hannu a buhu, ya murza, ya shinshina.

"Takin ga mi ya same shi anka rage mashi kuɗi?"

Na rantse masa lafiyarsa ƙalau. Ya ce zai je ya tambaya. Ya tsallaka, bai dawo ba.

Washegari na kashe lasifika, na zauna ina kallon tsallake wuni guda, abin da ya kamata in yi kafin in taɓa kwali. Manomi zai zo da ganyen dawa da tsutsa ta ci, ya durƙusa ya gaida tsofaffin. Ganyen ya bi hannu huɗu, a yi gardama kamar za a doke juna, sannan malamin gonan ya ce masa ya shiga ya karɓo maganin feshi mai jan murfi, murfi biyu a tanki, kada ya kuskura ya fesa da rana tsaka. Mutumin ya shiga ya saya ba ciniki. Shekara da shekaru haka ake yi a ƙofarmu, ni ina ganin tofin goro kawai. Na gane ɓarnar da na yi, amma girman kai ya hana ni tsallakawa. Na ci gaba da share shago sau uku a rana.

Baba ya dawo, aka sha zamzam, aka ci dabino. Ranar da ya fara fita kasuwa ya tsaya a ƙofar shagon, ya dubi kore, ya dubi buhunan da ke jibge har rufi kamar yadda ya bar su. Ya tsallaka titi, tsofaffin suka matsa masa, ya zauna a kan bencinsa a ƙofar Alhaji. Kwana uku haka yake yi. A gida mu ci tuwo kwano ɗaya, ba ya maganar shago, ba ya maganar makulli. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta huɗu na tsallaka, na durƙusa a gaban mutane, na ce na zo karɓar aro. Alhaji ya ce benci namu ne, bai hana ba, amma in tambayi waɗanda ke kai. Duk suka juya suna kallon titi. Can malamin gonan ya gyara hula, ya dube ni.

"Fentin ya bushe?"

"Ya bushe, Malam."

"To madalla. Mun ɗauka sai kaka."

Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Alhaji da kansa ya taya ni ɗorawa a ka. Na tsallako, tsofaffi huɗu a bayana, Baba na ƙarshe riƙe da dutsen.

Sai dai ba duka na dawo da abin da na kai ba. Ashe Alhaji ya riga ya ba kafinta aikin sabon benci, har da majingina. Tun daga ranar tsofaffin suka raba mana yini: da safe suna wajenmu, in rana ta juya su bi inuwa su koma wajensa, manoma na biye da su. Abin da Baba ya riƙe shi kaɗai shekaru, ni na raba shi biyu a cikin mako ɗaya.

Bai karɓi makullin ba, har yau yana aljihuna. Uku daga cikin tsofaffin sun rasu, Allah ya jiƙansu, malamin gonan kuma ƙafa ta hana shi fita. Yanzu Baba ne ke zama a kan bencin tun hantsi da sababbin abokan gardamarsa. Yana tare ƙofa, yana shanye ruwan randa, bai taɓa sayen ko ƙullin iri ba. Kullum da safe, kafin in buɗe shago, sai na gyara masa dutsen.