Layin Su Inna a Kwamfuta

Injiniya ake ce masa tun bai gama makaranta ba. Inna, mahaifiyarsa, ita ta laƙaba masa, kuma da ƙarfi take faɗa don maƙwabta su ji. Da ya samu aiki a hukumar ruwa aka ba shi ɗaki mai tagar da ba ta buɗuwa, da kwamfuta, aka ce ya gina bututun garin kaf a ciki.

Ya kuwa gina. Shekara da shekaru yana rubuta wa na'urar umarni layi bayan layi, har ta kai in ya danna maɓalli sai ka ga ruwa ya taso daga babban tanki ya ratsa kowane lungu, shuɗi a allo gwanin sha'awa. A wannan garin na cikin kwamfuta ba a taɓa ɗauke ruwa ba. Mutanensa ma masu tarbiyya ne, ba mai jan bututu ta bayan fage. Shugabansa ya ƙaunaci abin har ya daina tura kowa duba famfo. A je a ga me, ga gari a kan tebur?

Layin su Inna kuwa ya bushe ƙayau. Tsohuwa da ciwon gwiwa ta koma jan bokiti daga rijiyar bakin titi, abin yana ci wa Injiniya rai.

"Yallaɓai, layin mahaifiyata fa babu ruwa."

Shugaban ya leƙa allo. "Ga shi nan shuɗi. Ko aikin naka ne bai yi ba?"

 Komai Injiniya zai iya faɗa ban da cewa aikinsa bai yi ba. Sai ya koma ɗakinsa ya canja lamba ɗaya, ya ƙirƙiro fashewar bututu daidai ƙofar gidan Inna, da nufin in an zo a gane wa ido. Layin ya koma ja a allo. Kafin ka ce kwabo an turo motar haƙa, abin da koke-koken unguwa bai taɓa jawowa ba.

Aka haƙa. Bututu lafiyarsa lau, iska ce kawai a ciki. Amma tunda kwamfuta ta ce akwai fashewa, direba ya ci gaba da nema, har bakin motar ya raba bututun gida biyu. To, ga fashewa an samu. Aka ce sabo sai an yi oda, aka kwashe kayan aiki aka tafi.

A taron ma'aikata shugaban ya sanar cewa tsarin Injiniya ya hango matsala tun kafin ta faru. Aka yi ta tafi. Shi kuwa kunya kamar ya nutse.

Da aka tashi ya nufi gida da jarka biyu. Rami ya cinye ƙofar daga bango zuwa bango. Inna na tsaye a zaure da bokitinta, ta dubi ramin, ta dubi gwiwarta.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan albarka," ta ce. "Da ruwan ne ba ya zuwa wurina. Yanzu ni ma ba na iya zuwa wurinsa."