Ranar da Wisnel ya taka birki a kan gada

Ɗana Wisnel shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa janwe a gidan wasan nan na bayan garinmu. Masu kawo 'ya'yansu farin jirgin nan kawai suka sani, mai zagaya filin a kan siririyar gadar siminti guda ɗaya tak, can sama da bishiyoyi. Shi kuwa abin hawansa ɓoye shi ake yi a bayan shinge. Gajere ne, mummuna, mai shan man dizal, ga ƙara kamar injin niƙa goma. Sai jirgi ya mutu ake fito da shi.

Tun muna Jeremi, can Haiti, yaron nan ba mai surutu ba ne. Da Allah ya kawo mu Amurka ya samu aikin, komai na wurin sai ya zo ya faɗa mini ina tsince wake. Jirgin da wutar lantarki yake tafiya, in ya tsaya sai a kashe wutar layin duka, janwe ya hau gadar, a ɗaura su da sandar ƙarfe. In ta gaba aka iske shi, ja ne, da sauƙi. In ta baya ne sai turi, kuma mai turi ba ya ganin komai sai bayan jirgi. Don haka direban jirgin yake zama a gaba da rediyon oba-oba a bakinsa yana cewa, "Taho, taho, taho," ba ya yin shiru. Dokarsu ke nan: da zarar ka daina jin muryar, ka tsaya. Ba tambaya, ba tsammani.

To kunnen Wisnel ɗin shi ne ya fara tafiya. Ni na fara ganewa. In na kira shi ta hagu sai ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ce, "Wisnel, kunnenka fa."

Ya ce, "Mama, kunnena garau. Muryarki ce ta tsufa."

"Ni na haife ka, kar ka raina mini hankali."

Sai ya ajiye cokali ya faɗa mini. Duk shekara ana gwada musu ji a wani ɗan ɗaki mai gilashi. Shi hannun ma'aikaciyar yake kallo ta gilashin, in ta danna maɓallin ƙara sai ya ɗaga yatsa kamar ya ji. Shekara uku yana haka. In aka gane, sauke shi za a yi, ba kuma wani aikin da ya iya a duniyar nan. Ya ce kar in faɗa wa kowa. Ban faɗa ba. Na kai wa Ubangiji maganar safe da yamma a kan gwiwoyina, amma mutum ko ɗaya bai ji daga bakina ba, kuma wannan shirun yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Ranar wata Asabar ce a watan Yuli, wajen ƙarfe biyu, rana kamar za ta narka kwalta. Jirgi ya mutu a saman tafkin filin, inda motar kwana-kwana ba ta iya miƙa tsani. Mutum ya fi ɗari biyu a ciki, na'urar sanyi ta ɗauke, tagogin kuma ba sa buɗuwa. Direban jirgin Efraín ne, mutumin Puerto Rico, abokin Wisnel tun farkon aiki. Shi ya ba ni yawancin labarin nan.

Da janwe ya iso ta baya, Wisnel ya ce a oba-oba, "Ango, kai da farin kayanka, yau ma ka kashe musu jirgi?"

Efraín ya ce, "Jakin kamfani, bar surutu ka tura. Akwai tsoho a nan numfashinsa ba daɗi."

Odom, wanda ke ɗaura sanda, ya ɗaura, suka fara tafiya a hankali kamar masu rakiyar gawa. Taho, taho, taho. Sai suka zo inda gadar ke hawa tana lanƙwasa. Nan injin ke buɗe murya duka. Wisnel ya danna oba-oba a kunnen dama, bai ji komai ba sai rugugi.

Ya san gadar nan kamar tsakar ɗakinsa. Ya san ginshiƙi nawa suka rage kafin tasha. Da ya ci gaba, ba mai sani, cikin minti biyar sun isa. Amma bai san ko Efraín ya yi shiru don ya hango wani abu a gaba ba. Ya taka birki.

Efraín yana ta ihu, "Taho mana! Hanya fayau! Wisnel, me kake yi? Mutane na suma!"

Oga ma daga ofis ya shiga layin oba-oba yana tambaya. Layin nan duk ma'aikatan filin suna ji. Wisnel ya rage injin har ƙasa, ya ɗauki oba-oba ya ce, "Efraín, ba na jin ka. In injin ya tashi ba na jin ka. Na daɗe ba na ji."

Efraín ya ce a daidai lokacin ya ji kukan wani jariri a bayansa.

Odom ne ya karɓi oba-oba ya tsaya a bayan Wisnel. Duk "taho" ɗaya sai ya dafa masa kafaɗa. Haka suka kai jirgin tasha, dafawa bayan dafawa. Tsayawar ta ci minti goma sha ɗaya. Aka ɗauki tsohon a motar asibiti, ya kwana uku, Allah ya tashe shi. Wisnel ya zagaya da jirgin rumfar gyara ta bayan shinge, ya kwance sanda da kansa, ya miƙa mabuɗi kafin a tambaye shi.

Da ya shigo gida bai zauna ba. Ya ce, "Mama, da ke ce, ya za ki yi?"

Na ce, "Ban sani ba, ɗana." Gaskiya na faɗa. Har yau ina juya abin, minti goma sha ɗayan nan da ran tsohon mutane.

Aka sake masa gwajin ji, wannan karon da labule a gilashin, bai ci ba. Ba su kore shi ba, sun mai da shi rumfa yana wanke tayoyi da kujeru. Ba ya ƙorafi. Maganar ce ta ƙare masa gaba ɗaya, ko labarin aiki ya daina kawo mini.

Lahadin da ta wuce Efraín ya zo bayan coci, na zuba musu shinkafa da wake da soyayyar ayaba. Yana ba da labarin matarsa da aka kwantar a asibiti za a yi mata aiki, sai na ga Wisnel yana kallon bakinsa yana gyaɗa kai yana dariya. Ya ɗauka wasa ne irin nasu. Efraín ya dube ni, na dube shi. Ya bar maganar a nan, ya jawo kwano ya ƙara wake.