Kokon da nake zubarwa a kwata

Kwana uku ina kwance da zazzaɓi a ɗakina a unguwar Asawase. 'Yan garinmu Sakkwato da muke lodi tare a kasuwar Race Course, ko waya babu wanda ya bugo. Wadda ta shigo da kofin koko ita ce Mma Adiza, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nawa, ba miji, ba ɗa.

Na riƙe kofin ina jujjuya shi.

Ta ce, "Sha, ɗana. Yau ba ka da ƙarfin kaiwa kwata."

Ashe ta sani. Shekara biyu ina zubar da abincin da take kawo mini a ɓoye, na manta ita ke share kwatar kowace safiya.

Na ce, "Mma, ki yafe mini."

Ta ce, "Ina jiyo finafinan tsoron da kake kallo ta bango. Kullum mayyar tsohuwa ce mai zama ita kaɗai. Da wa zan zauna? Duk na binne su."

Na shanye, kaina a ƙasa.

Masu fim sun zalunce ta, amma hannuna ne ya zubar. Ku fa, wace tsohuwa kuka taɓa gudu don ta yi kama da ta fim?