Hannun da Ba Ya Rawa

Shekara talatin da ɗaya shagona na ɗinki yana manne da na Mai Agogo. Katako ɗaya ne ya raba mu, idan ya yi tari ina ji. Shagon nasa bai fi mutum biyu su zauna ba: tebur mai aljihu huɗu, fitila a sunkuye, gwangwanayen alewa cike da ƙananan kusoshi, sai gilashin da yake maƙalawa a ido. Ba shi da yawan magana. Ko gaisuwa a taƙaice yake yi, kamar yana tsoron numfashinsa ya hure wani abu daga kan tebur.

Da wayoyi suka yi yawa, masu kawo agogo suka ragu. Sai ɗan ƙanwarsa, wanda 'yan layi ke kira Manaja tun kafin ya sami abin da zai kula da shi, ya zo da wani ƙarfe ya ɗaure a gefen tebur, ya rataya waya tana kallon ƙasa.

"Kawu, kai dai ka yi aikinka. Ka manta da ita."

Haka aka fara. Wayar ba ta ganin komai sai tebur da hannaye biyu da cikin agogo. Babu magana, babu kiɗa, sai ƙaran hantsaki da ɗan tik-tik ɗin nan idan mataccen agogo ya farfaɗo. Ashe akwai mutane a duniya da ke son kallon wannan. Manaja ya ce mabiya shafin sun fi mutanen unguwarmu sau ɗari. Mai Agogo ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da aiki.

Ran da aka aiko da gayyata zuwa taron masu shafukan intanet, har da batun lambar yabo, ranar na fara ganinsa ya bar agogo a buɗe ya zagayo shagona. Ya ajiye yadi ruwan toka a kan keke.

"Tela, ka ɗinka yadda zai yi kyau daga nesa."

"Daga nesa? Aure za ka ƙara?"

"Dandamali ne. An ce yana da tsawo."

Sau uku ya zo gwaji. A na ukun ya zaro wata takarda da ya rubuta layi huɗu. Sunan maigidan da ya koya masa aiki ne a farko, mutumin da ya rasu babu ko hotonsa. Ya ce abin da yake so ke nan, ya tsaya a gaban mutane ya faɗi sunan nan da bakinsa, matarsa da 'ya'yansa su gani a waya. Ya ce in raka shi, na rufe shago.

A ƙofar otal ɗin wata yarinya ce ke raba katuna masu igiya da ake ratayawa a wuya. Ta duba kwamfuta, ta miƙa wa Manaja mai ruwan zinare, sunan shafin a jiki. Mu biyu ta ba mu farare, an rubuta Baƙo.

"Kawu, kar ka damu, da lambata aka buɗe shafin, shi ya sa. Takarda ce kawai."

Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji. Kowa na tafe yana magana da wayarsa, wani yana dariya shi kaɗai, wani yana ja da baya yana ɗaukar kansa har ya taka mini ƙafa. Mai Agogo ya zauna a miƙe don kada rigar ta yamutse. An yi jawabai a kan yadda ake kama hankalin mai kallo cikin daƙiƙa uku. Shi da ya san tsawon daƙiƙa fiye da kowa a ɗakin, yana zaune yana saurare.

Can aka rage fitilu, sai ga hannayensa a allon majigi, kowane yatsa ya kai tsawon mutum. Har tabon babban yatsansa na hagu ya fito. Kowa ya zuba ido. Da agogon ya buga, aka tafa. Na ga Mai Agogo ya taɓa aljihun da takardar take.

Aka kira sunan shafin. Manaja ya miƙe, ya danƙa masa waya.

"Kawu, kai za ka ɗauke ni. Hannunka ne ba ya rawa."

Ya karɓa.

Manaja ya yi magana mai daɗi a kan haƙuri da natsuwa a wajen aiki. Wata mata ta ɗaga hannu ta tambaya, hannayen na waye?

"Hajiya, wannan ai shi ne sirrin shafin. Ran da aka ga fuska, sha'awar ta tafi."

Aka yi dariya, aka sake tafi. Na saci kallon wayar da ke hannun maƙwabcina. Hoton tsaye yake cak, ko motsi babu.

Wajen fita wani mai hular kwano ya tsaya yana kallon tabon yatsan. Idonsa ya buɗe.

"Baba, kai ne? Don Allah hoto ɗaya!"

Mai Agogo ya gyara wuyan riga, ya ɗaga haɓa.

"A'a Baba, ɗan miƙo su haka. Yawwa."

Ya miƙa su. Aka ɗauka.

A mota Manaja ya ce lambar yabon za ta fi kyau a ɗakin da yake haɗa bidiyo, saboda shago akwai ƙura.

Bayan kwana biyu Mai Agogo ya zagayo da rigar a ninke. Na zaci aljihu ne ya yage. Ya shimfiɗa ta a kan keke, ya nuna bakin hannun.

"Ka ɗan ƙara wa nan ado, Tela. Iya nan ne yake fitowa."

Da na juya rigar, takardar ta faɗo. Na miƙa masa. Ya duba, ya ce in riƙe, bayanta babu rubutu, za ta yi mini amfani wajen rubuta awo.

Tana nan cikin aljihun kekena. Ta bayan katako kuma ina jin Manaja yana ɗaure ƙarfensa.