Wanda Bai Sha Ruwan Zariya Ba

Ranar Alhamis ta farko bayan ƙaramar salla ce, ranar kasuwar Batsari, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a kan benci a rumfar mai tsire da ke bakin tasha: Saja, da Kofur, da ni. Su biyun 'yan mazan jiya ne, sojoji tun na zamanin yaƙin basasa, kuma da waɗannan muƙamai kowa yake kiransu, har jikokinsu. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Malamin makaranta ne ni har na ajiye aiki, kuma tsufa da maƙwabtaka ne suka ba ni gurbi a bencin, bisa sharaɗin da ba a taɓa furtawa ba, cewa idan ana zancen soja in kama bakina.

Bencin yana da al'adarsa tun lokacin da tsofaffin sojojin garin suke da yawa. Duk yaron da ya gama horon soja, zuwansa gida na farko sai ya zo cikin kaki, ya ƙame a gabansu, ya sara. Babbansu ya tambaye shi a ina ya sha ruwa, wato a ina aka horar da shi. Yaron ya ce Zariya, domin a da can kaɗai muka san ana kai kurata. Sai a ce masa, zauna, soja. Daga nan ya sayi tsire a ci, a yi ta tsokanarsa, ya tashi ya zama mutum.

Yaron da ya zo a ranar autan Saja ne. Na san shi tun yana rarrafe, kuma a zaurena ya koyi haɗa baƙi. A makarantar mishan aka tarbiyyantar da ni, inda ake duba farce da maɓalli kowace safiya, saboda haka idona kuskure yake fara nema. Na dube shi daga hula zuwa takalmi, ban sami abin gyarawa ba. Sai dai dukkanmu mun san ba Zariya aka kai shi ba. An buɗe wani sabon wurin horo a kudu, sunansa ya faɗa cikin waɗanda aka tura can, ba da zaɓinsa ba. Na ɗauka uban zai tsallake tambayar, ko ya yi ta ya karɓi amsar da ta zo.

Yaron ya ƙame, ya sara. Saja ya bar shi a tsaye har ya gama goge tabaraunsa.

"A ina ka sha ruwa?"

Yaron ya faɗi sunan garin.

"Ban san shi ba," in ji Saja. "Akwai rijiya can?"

Kofur ya yi dariya, yana zaton tsokanar ce aka fara da wuri, har ya matsa ya buɗe wa yaron wuri a tsakaninmu. Saja ya ɗora sandarsa a kan wurin.

"Tsaya nan inda kake, kurtu."

Wanda bai zauna da sojoji ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Kurtu shi ne wanda bai gama horo ba, wanda aka yi wa ƙwal-kwabo, wanda kowa yake da ikon aikensa. An faɗa masa ita a bakin tasha ranar kasuwa, 'yan acaba da masu faci suna ji.

Kofur ya ce wasa ya isa haka. Saja ya ce ba wasa yake yi ba, ya shiga bayani da muryar da yake ba da umarni a da. A ganinsa, sojan ƙasa, dakaren da ke shiga daji da ƙafa, wuri ɗaya ake yin sa. Wanda aka horar a wani wuri yana iya tuƙa mota, ko ya dafa wa bataliya abinci, ko ya gyara rediyo, kuma duk aiki ne. Amma filin faretin Zariya ya ci gwiwoyin kakanni da iyaye, kuma wanda bai zubar da guminsa a kan nasu ba baƙo ne a cikin kaki. Da Kofur ya ƙi yarda, sai Saja ya juyo gare ni, ya karya sharaɗin bencin da kansa. Ya ce ni da na yi karatu a hannun Turawa in faɗa masu mene ne dakare.

Na faɗi abin da na sani. Na ce da Hausa da Turanci ma'anar ɗaya ce: mayaƙin da ke yaƙi a ƙasa, da ƙafarsa, ba a kan doki ko cikin jirgi ba. Na ce aikin ne ya ba shi sunan, kuma a cikin ma'anar babu sunan wani gari.

"Malam," in ji Saja, "ƙamus ɗinka ya taɓa yin fareti?"

Masu faci suka yi dariya. Kofur bai yi ba. Ya ce to, shi ma a tashe shi daga bencin, domin shi ma bai sha ruwan Zariya ba. Lokacin yaƙi ana neman mutane da gaggawa, a filin ƙwallon wata makaranta aka koya masa harbi, aka zuba su a jirgin ƙasa. Ya ce a ramin da suka kwana da Saja cikin ruwan sama, harsashi bai tsaya ya tambayi kowa rijiyarsa ba.

"Na sani tun can," in ji Saja. "Shi ya sa ka tsufa kana kofur."

Duk wannan yaron yana ƙame, idonsa a kan katangar tasha. Can sai ya sake sarawa, ya juya kamar yadda aka koya masa, ya tafi. Bayan ɗan lokaci mai tsire ya kawo naman da yaron ya riga ya sa a gasa tun isowarsa, ya tsaya da shi a hannu bai san gaban wa zai ajiye ba. Kofur ya tashi ya bar rumfar. Ni na karɓa na kai wa uwar yaron.

Ba ina neman wa Saja uzuri ba ne, amma adalci ya sa in faɗi halin da yake ciki. Gonarsa tana wajen Ruma, kusa da daji, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga sun hana shi taka ta. Shanunsa kaɗan da ya ba wani Bafulatani abokinsa kiwo an kore su tare da na mai kiwon. Mutumin da ya yi yaƙi yana saurayi ya wayi gari yana sayen dawa a kwano kamar baƙo, kuma ba abin da zai iya yi a kai. Abin da ya rage masa wanda ba wanda zai shigo da babur ya ƙwace shi ne Zariya. Kafin yaron ya tafi, na sha jin uban yana kwatanta masa wata tsamiya a gefen filin fareti, yana cewa ya duba masa ko tana nan. Yaron ya dawo ba shi da labarin tsamiyar, kuma ina jin wannan ya fi komai ci wa tsohon rai.

Kofur bai sake zama a bencin ba. Kafin damina ya koma Safana wajen babban ɗansa, abin da aka daɗe ana roƙonsa yana ƙi. Bayan shekara ta zagayo na hau babur na bi ta Runka na je gaishe shi, muna tafe ɗan acaban yana waige-waige duk inda hanya ta shiga duhuwa. A ɗakin Kofur na ga kaki a rataye a bayan ƙofa, an guge shi, da igiya ɗaya ta muƙami a hannun riga. Na tambaya, ya ce na autan Saja ne. Duk lokacin da ya sami hutu, ta Dutsin-Ma yake biyowa, ya sauka Safana, ya tuɓe kakin, ya sa doguwar riga, sannan ya ƙarasa Batsari. A gida yakan durƙusa ya gai da ubansa kamar kowane ɗa, ya kawo masa goro da magani, amma ba ya yarda zance ya kai ga aiki. Idan uwarsa ta tambaye shi kakin, sai ya ce hanya ba ta da kyau ga mai kaki, wanda kuma gaskiya ne.

"Hanyar ce, Malam," in ji Kofur, "amma ba wadda ka biyo ba."

Daga bakin Kofur na ji cewa an tura yaron arewa maso gabas, kuma da ƙafa suke shiga daji, su yi makonni ba a jin duriyarsu. Na kawo wa Saja wannan labari da na igiyar, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce igiya yanzu araha gare ta. Amma ya sa na maimaita masa zancen dajin.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Saja, kullum bayan la'asar nakan shiga in zauna da shi. Tambayoyinsa sai suka canza. Ya tambaye ni ko kakin yanzu yana da aljihu a cinya, ko takalmin da na gani ranar nan mai igiya ne har sama. Wata rana ya tambaye ni, ni da nake ganin kuskuren kowa, ko na ga yaron ya motsa lokacin da ake ta gardamar nan. Na ce bai motsa ba, ko ƙuda bai kora ba. Sai ya ce:

"A ce ma wanga yaro in ya tashi zuwa ya zo da kayanshi. In duba."

Na ce ya faɗa masa da bakinsa, ga waya a hannun uwar yaron. Ya ce saja ba ya kiran na ƙasa da shi a waya, saƙo ake kaiwa. Na kai saƙon Safana, Kofur ya yi ta nema har ya sami yaron a waya. Yaron ya ce ya ji, zai zo da su, amma ba a ba da hutu sai an canza su daga inda suke.

Saja ya rasu ana tsakiyar girbin gero. Yaron ya iso washegarin jana'iza.